Da tsohuwar zuma ake magani: tsofaffin darussan fizik da jami'o'i ke tinƙaho da su a intanet

Darussan fizik da aka ɗauka a kaset shekaru 25 da suka wuce, wasu ma shekaru 60, a yau suna yawo cikin wayoyin ɗalibai a ko'ina a duniya. Jami'o'in da suka adana su sun mai da su abin tinƙaho, tsofaffin ɗalibansu kuma na kallon su kamar yadda mutum ke kallon hoton gidan da ya tashi. Ga bayani a kan abin da ke cikin waɗannan darussa, dalilin da ya sa ba su tsufa ba, da kuma amfanin da ɗalibin Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa zai iya samu a cikinsu.

Laccoci bakwai na shekarar 1964

Mafi shahara a cikin tsofaffin laccocin su ne na Richard Feynman, masanin fizik ɗan ƙasar Amurka da aka haifa a 1918, ya rasu a 1988. A watan Nuwamba na 1964 jami'ar Cornell, inda ya taɓa koyarwa bayan yaƙin duniya na biyu, ta gayyace shi ya gabatar da laccoci bakwai a kan yadda dokokin fizik suke. Gidan telebijin na BBC ya ɗauke su a hoto mai baƙi da fari, kowace lacca kusan awa guda. Shekara ɗaya bayan haka, a 1965, Feynman ya samu kyautar Nobel tare da Julian Schwinger da Sin-Itiro Tomonaga na ƙasar Japan.

Babu kayan gwaji a waɗannan laccoci, daga allo sai alli sai mutum mai iya magana. A lacca ta farko ya ɗauki dokar Newton a kan ƙarfin da ke sa abubuwa su jawo juna. Dokar ta ce idan nisa ya ninka sau biyu, ƙarfin zai ragu ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Dutsen da aka saki daga sama yana faɗowa kimanin mita 5 a sakan na farko. Wata kuwa ya fi mu nisa da tsakiyar ƙasa sau 60, don haka jan da ƙasa ke yi masa ya fi rauni sau 3600. Idan aka raba mita 5 gida 3600, za a samu milimita ɗaya da ɗan ɗori. Wannan shi ne daidai gwargwadon yadda wata ke karkata daga miƙaƙƙiyar hanya a kowane sakan yayin da yake zagaya ƙasa. Ke nan abin da ke kado mangwaro daga bishiya shi ne ke riƙe da wata a kan hanyarsa, kuma ɗan lise da ya iya rabawa zai iya tabbatar da haka da kansa.

A lacca ta ƙarshe ya bayyana yadda ake neman sabuwar doka: a yi hasashe, a lissafa abin da zai biyo baya idan hasashen gaskiya ne, sannan a gwada da abin da ake gani a zahiri. Idan bai dace ba, a jefar da shi, ko da wane babban malami ne ya kawo shi.

Shekaru da dama waɗannan finafinai suna ajiye a ɗakunan karatu na jami'o'i, sai wanda ya yi sa'a yake ganin su. Bill Gates, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Microsoft, shi ne ya sayi haƙƙinsu, aka sa su a intanet kyauta a 2009.

Akwai kuma darussan da Feynman ya ba ƴan shekarar farko da ta biyu a jami'ar Caltech, a jihar Kaliforniya, daga 1961 zuwa 1963. An naɗi muryarsa a kaset, an ɗauki hoton allunan da ya rubuta, sannan abokan aikinsa biyu, Robert Leighton da Matthew Sands, suka mai da su littattafai uku masu jan bango. An fassara su da Faransanci, kuma tun daga 2013 Caltech ta fara sa su a intanet don kowa ya karanta ba tare da biyan ko dala ba.

Ranar da MIT ta buɗe ƙofar ajinta

Wajen shekarar 2000, manyan jami'o'in Amurka sun yi ta neman hanyar sayar da darussansu ta intanet. Jami'ar Columbia ta kafa wani kamfani don wannan, amma bai yi ƙarko ba, aka rufe shi a 2003. Jami'ar fasaha ta MIT, da ke kusa da birnin Boston, ita ma ta kafa kwamitin malamai don ya duba yadda za ta shiga kasuwar. Da kwamitin ya yi lissafi sai ya ga ribar ba ta taka kara ta karya ba, ya ba da shawarar a saki kayan koyarwar kyauta. Shugaban jami'ar na lokacin, Charles Vest, ya amince, aka ba da sanarwa a watan Afrilu na 2001. Sunan shirin OpenCourseWare.

An fara da darussa kusan 50 a 2002. Zuwa 2007 sun kai 1800, a yau sun haura 2500. Abin da ake sawa ya haɗa da tsarin darasi, takardun malami, atisaye, tsofaffin jarrabawa da amsoshinsu, wasu kuma har da bidiyo. Ba a yin rajista, ba a ba da takardar shaida. Lasisin da aka sa musu ya yarda kowa ya kwafa, ya raba, ya fassara, muddin ya ambaci mai shi, bai sayar ba, kuma ya bar wa na gaba irin wannan damar. Don jami'o'in da intanet ɗinsu ba ta da ƙarfi, shirin ya riƙa aika musu da faifan ajiya ɗauke da kwafin darussan gaba ɗaya, kuma jami'o'in Afirka da dama sun amfana da haka.

A cikin wannan shiri ne duniya ta san Walter Lewin, ɗan asalin ƙasar Holan da aka haifa a 1936, ya zo MIT a 1966. An ɗauki darussansa kashi uku: na motsi da ƙarfi a 1999, na lantarki da maganaɗisu a 2002, na girgiza da igiyoyi a 2004. Duka sun haura darasi 90.

Malami da dunƙulen ƙarfe mai kilo 15

Abin da ya sa darussan Lewin suka bazu shi ne gwaji a gaban jama'a. A darasin farko ya nanata wa ɗalibai cewa awo ba shi da wata ma'ana idan ba a san iyakar kuskuren da ke cikinsa ba. Sai ya kira wani ɗalibi, ya auna tsawonsa a tsaye, ya sake auna shi a kwance. A kwance ya fi tsawo da kimanin santimita 2 da rabi, tazarar da ta wuce kuskuren ma'aunin nesa ba kusa ba. Dalili shi ne a tsaye nauyin jiki yana danne gaɓoɓin ƙashin baya.

Gwajin da aka fi yaɗawa shi ne na lilo, abin da ƴan lise suka sani da suna pandul. Dunƙulen ƙarfe ne mai nauyin kilo 15 da aka rataya da igiya mai tsawon kusan mita 5. Lewin yakan jingina da bango, ya jawo ƙarfen har ya taɓa haɓarsa, ya sake shi ba tare da ya tura ba, ya tsaya cik. Ƙarfen yakan tafi can ɗaya gefen, ya dawo da gudu, ya tsaya dab da haɓar malamin, sannan ya koma. Ba sa'a ba ce ta cece shi. Makamashi ba ya ƙaruwa da kansa, kama kawai yake sauyawa. Wanda ƙarfen ya samu saboda an ɗaga shi sama yana komawa gudu idan ya gangaro, gudun kuma ya sake komawa tsayi idan ya hau. Don haka ba zai taɓa wuce tsayin da aka sake shi ba, sai ma ya gaza kaɗan saboda iska na rage masa. Da malamin ya ɗan tura shi lokacin saki, da labarin ya sha bamban.

A wani darasin ya nuna cewa lokacin da lilo ke ɗauka kafin ya je ya dawo bai danganta da nauyin abin da aka rataya ba, tsawon igiya ne ke yanke shi. Ya ƙirga zuwa da dawowa goma da ƙarfen shi kaɗai, agogo ya nuna kimanin sakan 45. Sai ya hau kan ƙarfen da kansa, ya miƙe jikinsa, ɗalibai na ƙirgawa suna dariya, agogo ya sake nuna kimanin sakan 45. Wannan gwaji ana iya yin sa a kowane gida da zare da dutse. Zare mai mita ɗaya yana ba da kusan sakan 2, mai mita 4 kuma sakan 4, ko dutsen ƙarami ne ko babba, muddin ba a ja shi da nisa sosai ba.

Lewin ya sha faɗa cewa kowane darasi yakan ci masa awoyi masu yawa na shiri, kuma yakan maimaita shi shi kaɗai a ɗakin da babu kowa kafin ɗalibai su shigo.

Abin da bai tsufa ba, da abin da ya tsufa

Waya mai shekara biyar ana ce mata tsohuwa, amma darasin fizik na 1999 yana nan daram. Dalili shi ne abin da ake koyarwa a shekarar farko ta jami'a ya daɗe da zaunawa. Littafin Newton a kan dokokin motsi ya fito a 1687. Maxwell ya haɗa dokokin lantarki da maganaɗisu a shekarun 1860. Da waɗannan dokoki ake lissafin gada, injin ban ruwa, turansufoma da tauraron ɗan Adam har gobe. Ɗalibin da ke shirin bak a sashen C, D ko E, ko wanda ke shekarar farko ta lisans, kusan duk abin da zai gani a tsohon bidiyo yana cikin manhajarsa.

Sai dai akwai wuraren da zamani ya wuce su. Lokacin da Feynman ke magana a Cornell ba a riga an gano ragowar zafin farkon sararin samaniya ba, sai a 1965 aka ba da labarinsa. A 1998 aka gano cewa faɗaɗar sararin samaniya ƙara sauri take yi. A 2012 cibiyar CERN da ke kusa da Janeba ta tabbatar da ƙwayar Higgs. A watan Satumba na 2015 na'urar LIGO, wadda Caltech da MIT ke tafiyarwa tare, ta kama igiyoyin da Einstein ya yi hasashensu shekara ɗari kafin nan. Ko ma'anar kilo ta sauya: har zuwa watan Mayu na 2019 kilo yana nufin nauyin wani dunƙulen ƙarfe da ke ajiye kusa da birnin Paris, daga nan aka ɗora shi a kan wani adadi na fizik da ba ya canjawa. Saboda haka duk wanda zai kalli tsohon darasi ya fara duba shekarar da aka ɗauke shi. A kan lilo da lantarki babu damuwa. A kan sararin samaniya da ƙananan ƙwayoyin halitta kuwa, a haɗa da sabon littafi.

Tushen alfaharin

Jami'o'i sun saba yin tinƙaho da yawan kyaututtukan Nobel, da gine-gine, da matsayinsu a jerin da ake fitarwa kowace shekara. Amma waɗannan abubuwa ba su nuna abin da ke faruwa a cikin aji. Bidiyo ya nuna shi. Tsohon ɗalibi da ya bar jami'a shekaru 20 ko 30 yana buɗe darasi ya ga ɗakin da ya zauna, allon da ya kwafa, malamin da ya ba shi wuya. Yana iya nuna wa ɗansa ko abokin aikinsa ya ce ga inda na yi karatu, ga irin malaman da suka koyar da mu. Finafinan Cornell ma da hoton harabar jami'ar da ƙarar ƙararrawar hasumiyarta suke farawa, kafin a shiga zauren.

Feynman shi kaɗai jami'o'i huɗu ke jingina da sunansa: MIT inda ya yi digirin farko, Princeton inda ya yi dokta, Cornell da Caltech inda ya koyar. Amma biyun da suka naɗi muryarsa su ne ke da abin nunawa. A fannin lissafi ma haka ne. Gilbert Strang na MIT, wanda darussansa na aljebra suka zagaya duniya, ya gabatar da darasinsa na ƙarshe a watan Mayu na 2023 yana da shekara 88. An watsa shi kai tsaye, ɗalibai suka miƙe tsaye suna tafa masa.

Wannan alfahari ya gamu da jarrabawa a watan Disamba na 2014. Bayan wani bincike na cikin gida, MIT ta ba da sanarwar cewa Walter Lewin ya ci zarafin wata ɗaliba da ke bin darasinsa ta intanet, ta hanyar saƙonnin da suka saɓa wa dokar jami'ar a kan lalata. Ta janye masa muƙamin girmamawa na farfesa mai ritaya, ta kuma cire darussansa daga shafukanta, duk da cewa suna cikin waɗanda aka fi kallo. An yi ta muhawara. Wasu suka ce laifin mutum bai shafi dokar Newton ba, kuma ɗalibai marasa galihu ne za su yi asara. Jami'ar ta ce manufarta ita ce kada darussan su zama hanyar da za a sake cutar da wani. Saboda lasisin da aka sake su da shi, kwafinsu na nan a wasu tashoshin YouTube, MIT kuma ta sa wasu malamai sun sake ɗaukar darasin motsi da ƙarfi. Abin da ya fito fili shi ne jami'ar da ta sa sunanta a kan darasi ta ɗauki alhakin halin mai koyar da shi.

Gani ba ci ba ne

Akwai tarko a cikin kallon gwanin malami. Komai yana tafiya sumul, mai kallo yana gyaɗa kai, ya ɗauka ya gane. Sai an ba shi takarda da biro sannan gaskiya ta fito. Feynman da kansa, a gabatarwar littattafansa, ya nuna shakku a kan ko darussan sun amfani yawancin ɗaliban da aka shirya su dominsu.

Masu bincike a kan koyar da fizik sun auna wannan. A 1998 Richard Hake ya wallafa sakamakon ɗalibai fiye da 6000 daga azuzuwa 62 a Amurka. An yi musu gwaji iri ɗaya a farkon zango da ƙarshensa. Waɗanda aka koyar ta hanyar sauraren lacca kawai sun cike kimanin kashi 23 cikin 100 na giɓin da ke cikin fahimtarsu. Waɗanda aka sa su amsa tambayoyi da yin muhawara a cikin aji sun cike kimanin kashi 48. A 2019 wani bincike a jami'ar Harvard ya nuna abin da ya fi wannan ban mamaki: ɗaliban da suka saurari ƙwararren malami sun ce sun fi jin sun koya, amma a jarrabawa waɗanda aka sa su fama da atisaye da kansu ne suka fi samun maki.

Hanyar cin moriyar bidiyo ke nan. A kalli darasi da littafin rubutu a gefe. Kafin malami ya saki ƙarfen ko ya kunna na'ura, a tsayar da bidiyon, a rubuta abin da ake tsammani zai faru da dalilinsa. Bayan darasi a ɗauko atisayen da ke tare da shi a yi, kada a leƙa amsa sai an gwada. Idan ana kallo a rukuni na mutum uku ko huɗu, kowa ya bayyana wa sauran yadda ya fahimta, ya fi a kalla shi kaɗai cikin dare har barci ya kwashe mutum.

Abin da ɗalibin Nijar zai kiyaye

Cikas na farko shi ne harshe. Yawancin waɗannan darussa da Ingilishi suke, ɗalibin Nijar kuwa da Faransanci ya yi karatu. Da yawa suna da rubutun magana a ƙasan hoto, wanda ke taimakawa, amma fassarar da na'ura ke yi takan kwafsa a kalmomin kimiyya. Akwai kuma na Faransanci. Collège de France da ke Paris, wadda aka kafa a 1530, darussanta kyauta ne ga kowa, kuma ana samun su a intanet, sai dai matakinsu ya fi dacewa da masu masta da dokta. A shekarar 2000 an gabatar da laccoci 366 a Paris, ɗaya a kowace rana, a ƙarƙashin shirin Université de tous les savoirs, kuma suna nan a dandalin Canal-U. Ga ƴan lisans, darussan Richard Taillet na jami'ar Savoie Mont Blanc sun fi kusa da manhajar da ake bi a ƙasashe masu amfani da Faransanci.

Na biyu shi ne bambancin alamomi. Amurkawa suna sa ɗigo inda ɗan makarantar Nijar ke sa waƙafi a cikin adadi. Tsofaffin laccoci sukan yi awo da inci da ƙafa da mil maimakon mita. Harafin da ake ba nauyi ko ƙarfin lantarki yakan bambanta. A darasin zafi da aiki, littattafan Amurka da yawa suna ƙirga aikin da inji ya yi wa waje, na Faransa kuma suna ƙirga aikin da aka yi wa injin, don haka alamar tarawa da ta ɗebewa suna juyawa. Ɗalibin da ya kwafi tsarin bidiyo ya kai wa malaminsa a ranar jarrabawa zai iya rasa maki alhali ya gane darasin. A ɗauki fahimta daga bidiyo, a rubuta amsa da alamomin da malamin aji ke amfani da su.

Na uku shi ne kuɗin intanet da ɗaukewar wuta. Darasi guda na awa ɗaya yana iya cin ɗaruruwan mega, kuma idan aka rage ingancin hoton sosai rubutun allo ba ya karantuwa. Abin da ya fi sauƙi shi ne mutum ɗaya ya sauke darussan inda akwai wifi, a zuba su a katin waya ko makullin USB, a raba wa ƴan aji. Lasisin MIT ya halatta wannan, abin da ya hana shi ne sayarwa.

Nijar ma tana da nata tarihin

Shekarar 1964 da Feynman ya yi laccocinsa a Cornell, a cikinta ne wani masanin fizik ɗan Nijar, Abdou Moumouni Dioffo, ya wallafa littafinsa a kan ilimi a Afirka, inda ya kare koyar da yara da harsunansu na gida. An haife shi a Tasawa a 1929. Ya yi makarantar William Ponty a Senegal, ya wuce Paris, kuma a 1956 ya zama na farko a ƙasashen Afirka baƙar fata renon Faransa da ya ci jarrabawar agregasiyo a fannin fizik. Ya koyar a Dakar, Konakiri da Bamako, ya je Tarayyar Sobiyet ya ƙware a kan makamashin rana. A 1969 ya dawo gida ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, inda aka riƙa ƙera na'urorin dafa ruwa, murhu da na'urorin busar da kayan gona masu aiki da rana. A 1979 ya zama shugaban jami'ar Yamai. Ya rasu a watan Afrilu na 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992.

Lissafin da ya ɗora aikinsa a kai na shekarar farko ne: da tsakar rana, idan sama ta yi garau, kowace murabba'in mita na ƙasa tana karɓar kimanin wat 1000 daga rana. Tashar Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, da ta Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai, duk a kan wannan adadi suke tsaye, kuma suna bukatar matasan da suka gane shi.

Naɗar darasi ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A wannan shekara ta 1964 Nijar ta fara gwajin telebijin ta makaranta, inda ake shirya darussan firamare a Yamai ana watsa su zuwa azuzuwa, har wasu akwatunan da hasken rana aka riƙa kunna su. A Yamai ne kuma cibiyar CELHTO take, wadda tun 1968 aikinta shi ne naɗar muryoyin dattawa da masana tarihin baka don kada su ɓace.

A yau jami'ar Abdou Moumouni tana da ƙanne: ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, ta André Salifou a Damagaram, ta Djibo Hamani a Tawa, waɗanda aka kafa a 2010, da wasu huɗu da suka biyo baya a 2014. Kowace tana ɗauke da malaman da ɗalibai ke ba da labarin iya koyarwarsu shekaru bayan sun bar aji, kuma kowace shekara wasu daga cikinsu na yin ritaya. Abin da BBC ta yi da manyan na'urori a 1964, yanzu waya mai kyau, maƙalin tsayar da ita, ƙaramin makirfo a wuyan riga da haske a kan allo sun isa a yi shi. Sauran aikin na hukumar jami'a ne: neman yardar malami, rubuta suna da kwanan wata a kan kowane darasi, ajiye kwafi a ɗakin karatu, da fayyace wa ke da damar kwafa. Idan aka ƙara da taƙaitaccen bayani da Hausa ko Zabarmanci a ƙarshen kowane darasi, ɗan kolej da ke ƙauye da iyayen da ke biya masa kuɗin littafi su ma za su san abin da ake koyarwa a jami'ar da ke ɗauke da sunan ɗan Tasawa.